Zaren da Ya Tsinke a Lakar Ƙanina

Ni ne babba a ɗakinmu, kuma ni ne na sa ƙanina ya shiga turken shanu babu takalmi a ƙafarsa. Na fara da wannan magana ne domin na daɗe ina ba da labarin ciwonsa ina tsallake ta, har a gaban ɗaliban da nake koyarwa a yanzu.

Bazara ce, ana ta kai taki gona kafin saukar ruwan fari. Ina da shekara 15, shi kuma yana da 10. Silifa ɗina ya tsinke tun da safe, sai na karɓe nasa na saka, duk da cewa rabin diddigena a ƙasa yake, na ce masa ai shi aikinsa a gida yake, cika mangala kawai, ni ne mai kora jaki a kan ƙasa mai zafi. Da na dawo a zagaye na uku sai na iske shi zaune a bakin turke ya riƙe ƙafa. Wata tsohuwar ƙusa ce da ke jikin guntun katako, wanda ya nutse a cikin taki, ta shige tafin ƙafarsa. Na zare ta, na ga jinin bai taka kara ya karya ba, sai na ɗebi ƙasa a nan wurin na danna a bakin ramin, na yago tsumma na ɗaure, sannan na ce masa kada ya kuskura Baba ya ji. Ya ce, “To, Yaya.” Kuma bai faɗa ba. Cikin kwana 4 bakin ciwon ya rufe, ya daina ɗingishi, ni ma na manta.

A kwana na 8 ne ya kasa buɗe baki ya sha koko. Inna ta shafa gefen kumatunsa ta ce hangum ne, amma babu kumburi ko kaɗan. Washegari wuyansa ya sandare, kuma da yake lokacin zafi ne, kowa a gidan ya ambaci sanƙarau da murya ƙasa-ƙasa. Aka kira wani mai kemis ya yi masa allurar zazzaɓi, bai ko tambayi yadda abin ya fara ba. Abin da ya ɗaure wa manya kai shi ne yaron yana cikin hankalinsa sarai, yana gane kowa, yana ba da amsa ta tsakanin haƙora. Cikinsa ya yi tauri kamar allo. Fuskarsa kuma ta ɗaure a wani irin yanayi mai kama da murmushi, gira a sama, leɓe a jaye, har wata gwaggonmu ta ce wannan dariya ba tasa ba ce, a nemo masu maganin iska. An yi rubutu, amma bai iya haɗiye shi ba. An yi hayaƙi, hayaƙin ya ƙara tayar masa da abin.

Ba zan manta da karon farko da na ga ciwon ya murɗe shi ba. Matar maƙwabcinmu ce ta fara daka, taɓarya ta sauka a turmi sau ɗaya, sai na ga bayan ƙanina ya tashi daga kan tabarma ya lanƙwashe kamar baka, ƙeyarsa da diddigensa kaɗai ke taɓa ƙasa, hannuwansa a dunƙule, numfashinsa ya tsaya, leɓunansa suka yi baƙi. Bai fi rabin minti ba ya sake shi, gumi na tsiyaya. Daga nan kuwa ko ƙofar langa-langa aka buga, ko aka haska masa tocila, ko Inna ta taɓa shi don ta gyara masa kwanciya, sai abin ya dawo.

A daren aka samo mota aka kai shi babban asibitin da ke cikin gari. Likitan da ya duba shi bai ɓata lokaci ba. Ya kalli fuskar, ya danna cikin, sannan ya juyo ya tambayi Baba ko yaron ya ji wani rauni a makonnin nan. Baba ya ce babu. Inna ta ce babu. Ƙanina ya juyo da idanunsa kawai, domin wuyan ba ya juyawa, ya dube ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce, “Likita, ƙusa ta soke shi a turke.” Baba bai ce mini komai ba, a ranar ko bayanta, kuma da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Likitan ya ce tsinkau-tsinkau ne, wato tetanus.

Aka sa shi a wani ɗan ɗaki na ƙarshen baranda, aka rufe tagogi da barguna, aka cusa masa auduga a kunne. Aka sake buɗe ramin da ya riga ya rufe, aka kankare shi aka wanke, sai ga ƙasar da na danna da hannuna tana fitowa. Aka yi masa allurar kashe dafin da ƙwayar cutar ke fitarwa, wadda ake samu daga jinin doki, bayan an fara gwada kaɗan a fatarsa, aka sa masa filajil a ruwa, da diyazefam don tsokoki su saki. Ta hanci aka zura masa roba zuwa ciki, Inna tana tace kunu da madara ana ɗura masa da sirinji. Wata sista mai shekaru ta ja Baba gefe ta gaya masa gaskiya, cewa allurar dokin tana kama dafin da ke yawo a jini ne kawai, wanda ya riga ya shiga jijiya kuwa ya wuce hannunsu, aikinsu shi ne su riƙe yaron da rai har jikinsa ya gyara kansa, idan Allah ya nufa. Na ji wannan magana ina tsaye a bayan Baba, kuma tambayar da ta tsaya mini a rai tun daga ranar ita ce: mene ne dafin ya lalata a can ciki da magani ba ya iya kai wa gare shi, amma jiki yana iya gyarawa?

Mako na biyu ya fi kowanne tsanani, domin bugun zuciyarsa yana hawa yana sauka, zazzaɓi na zuwa yana tafiya. Baba ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗa. A mako na huɗu murɗewar ta fara ja da baya, wata safiya kuma sista ta iya zura cokali tsakanin haƙoransa. Bayan kusan mako 6 muka koma gida da shi, ya rame kamar kara, yana takawa a sandare kamar tsoho. Sai daga baya ya gaya mini cewa babu abin da aka faɗa a ɗakin nan da bai ji ba. Ya ji gwaggo tana cewa wannan sai dai haƙuri, a fara sanar da dangi. Ya ji ni ma daren da na zaci barci yake, na durƙusa a gefen gadon ina roƙonsa gafara. Ya ce ya so ya ce mini in yi shiru, domin muryata tana neman tayar masa da ciwon, amma bakin ya ƙi.

Amsar tambayata ban same ta ba sai da na shiga jami'a ina karatun yadda sassan jiki ke aiki, kuma zan yi ƙoƙari in bayyana ta yadda na fahimce ta. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a jiki ba a haɗe suke kamar wayar lantarki ba. Tsakanin ƙarshen wata jijiya da farkon wata akwai ɗan rata, kuma saƙo ba ya tsallake wannan rata sai ta hanyar wani sinadari da jijiya ta farko ke zubarwa, ta biyu ta karɓa. Sinadarin ba a warwatse yake a cikin jijiyar ba, a ƙulle yake cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, kamar yadda mai tebur ke ƙulla mai da gishiri a leda tun kafin masu saye su zo. Faɗin kowace jaka bai wuce nanomita 40 ba, wato sai an jera kusan 25,000 kafin su cika milimita ɗaya. Bangon jakar da bangon jijiyar duk da maiƙo aka yi su, saboda haka idan aka matsa su suka haɗu sosai sukan narke su zama ɗaya, kamar ɗigon mai biyu a kan miya, bakin jakar ya buɗe zuwa waje, abin da ke ciki ya zube. Sai dai ba sa haɗuwa don kansu, dole a sami abin da zai jawo su da ƙarfi.

A nan ne furotin ɗin da ya zame mini abin nazari yake shigowa. Sunansa VAMP2, ana kuma kiransa sinaftobirebin. Ɗan ƙaramin zare ne mai ƙwayoyin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda 116 a jere, gindinsa a kafe a bangon jakar, sauran jikinsa yana reto a waje, kuma kowace jaka tana ɗauke da kimanin 70 daga cikinsu. A bangon jijiyar kuma akwai abokan aikinsa biyu, sintaksin da SNAP-25. Shi yana ba da sili ɗaya, sintaksin ɗaya, SNAP-25 biyu, sai silin huɗu su fara naɗe juna daga can ƙarshe suna gangarowa zuwa gindi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tufkar igiyar rama ya san yadda abin yake: gwargwadon yadda tufka ke matsewa, haka bakin biyu ke kusantar juna. Tufkar takan tsaya a rabi tana jira, jakar na manne a bakin ƙofa. Da zarar saƙon lantarki ya iso, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, wani furotin mai suna sinaftotagmin ya ji shi, sai a ƙarasa tufkar, jakar ta fashe waje cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Bayan haka wani furotin, NSF, yakan ƙona makamashi ya kwance silin huɗun domin a sake amfani da su. Mu a Hausa idan aka ce tufka da warwara ana nufin aikin banza, amma wannan tufka da warwarar ita ce ke ɗaga hannuna yanzu da nake rubutu, ita ce kuma ke sa ƙirjina hawa da sauka.

An fara gano wannan iyali na furotin a 1988 a ɗakin binciken Richard Scheller a Amurka, daga jikin wani kifin teku mai lantarki, amma ba a tabbatar da aikinsa ba a lokacin. Abin mamaki shi ne dafin tsinkau-tsinkau ne ya tona asirinsa. A 1992 Giampietro Schiavo da Cesare Montecucco da abokan aikinsu a Jami'ar Padua ta Italiya suka nuna cewa dafin almakashi ne mai aiki da sinadarin zinki, kuma abin da yake yankewa shi ne VAMP, a wuri ɗaya tak, tsakanin ƙwaya ta 76 da ta 77. Shekara ɗaya bayan haka, a 1993, ɗakin binciken James Rothman ya nuna cewa waɗannan furotin uku tare suke kama juna, a 1998 kuma aka fitar da siffar igiyar mai sili huɗu. Lokacin da aka ba Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof lambar Nobel a 2013 saboda aikinsu kan yadda ƙwayoyin halitta ke jigilar kaya a cikin irin waɗannan jakunkuna, na ji labarin a rediyo, kuma abin da ya faɗo mini a rai shi ne ɗakin nan mai barguna a taga.

Da farko wani abu ya rikita ni. Idan dafin yana hana jijiya sakin saƙo ne, ai kamata ya yi jikin ƙanina ya saki ya yi laƙwas, to me ya sa ya sandare? Sai da na bi hanyar dafin daki-daki na gane. Ƙwayar cutar, Clostridium tetani, tana zaune a ƙasa da kashin dabbobi cikin wani kwanso da ke jure zafi da fari shekara da shekaru, kuma ba ta tsiro sai inda babu iska. Saboda haka tsatsar ƙusa ba ita ce matsalar ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Matsalar ita ce rami mai zurfi, mai datti, wanda bakinsa ya rufe, wato daidai abin da na haɗa da hannuna. A can ƙwayar take fitar da dafin, ya shiga ƙarshen jijiyoyin da ke motsa tsoka, amma ba ya yin ɓarnarsa a nan. Jijiyar da kanta take ɗaukarsa a cikin jakunkunan jigilarta, ta haura da shi har zuwa laka da gindin ƙwaƙwalwa, kwana da kwanaki yana tafiya, shi ya sa muka yi mako guda muna zaton lafiya lau. A can sai ya tsallaka zuwa wasu ƙananan jijiyoyi waɗanda aikinsu shi ne tsawatarwa. Su ne ke zubar da sinadaran GABA da gilaisin, masu ce wa jijiyar tsoka ta dakata, su ne kuma ke sa tsokar baya ta saki idan ta gaba ta ja. VAMP ɗin waɗannan ne dafin ke yankewa. Jakunkunansu suna nan cike da saƙon dakatarwa, sun taru a bakin ƙofa, amma sili ɗaya ya tsinke, tufka ba ta yiwuwa. Jikin ƙanina ya zama doki da aka cire wa linzami, ƙarar taɓarya ɗaya ta isa ta sa dukkan tsokokinsa su ja a lokaci guda, kuma da yake tsokokin baya sun fi na ciki ƙarfi, sai ya lanƙwashe ta baya. Muƙamuƙi ne ke fara kamuwa saboda jijiyoyinsa gajeru ne, dafin ya fi saurin kai wa. Sashen ƙwaƙwalwa mai tunani kuwa ba a taɓa shi ba, shi ya sa ya ji duk abin da muka faɗa.

Akwai ɗan'uwan wannan dafi, na cutar botulizim da ake samu a gurɓataccen abincin gwangwani, wanda wasu nau'o'insa ke yanke VAMP ɗin nan, nau'in B ma a daidai wuri ɗaya. Amma shi a ƙarshen jijiyar tsoka yake tsayawa, saboda haka saƙon motsi ne ke yankewa, mutum ya saki, fatar ido ta faɗi, numfashi ya gagara. Yanka iri ɗaya ne, wurin da aka yi shi ne ya bambanta cutukan biyu.

Maganar sistar nan ma ta fito fili. Allurar doki ba ta shiga cikin jijiya, kuma babu maganin da ke ɗinke zaren da aka yanke. Dole a jira dafin ya ƙare ƙarfinsa, jijiyoyin su ƙera sabon furotin su mayar da hanyoyinsu, kuma wannan aikin makonni ne. Waɗanda ke mutuwa galibi numfashi ne ke tsaya musu, ko zuciya ta rikice, kafin gyaran ya kammala.

Da na ci gaba da karatu na ga cewa aikin VAMP2 bai tsaya a jijiya ba. Da shi ƙwayoyin da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, suke fitar da shi zuwa jini bayan an ci abinci, da shi kuma tsoka da kitse suke kai ƙofofin shigar suga zuwa bangonsu idan insulin ya iso, haka nan ƙoda tana amfani da shi wajen jera ƙofofin ruwa lokacin da jiki ke bukatar tsimin ruwa, kamar a yinin azumi. A 2001 ɗakin binciken Südhof ya samar da ɓeraye marasa wannan furotin, suka mutu da zarar an haife su. A 2019 kuma aka bayyana yaran da aka haifa da tangarɗa a ƙwayar gadon VAMP2, masu sanyin jiki tun suna jarirai da jinkirin fahimta, wasunsu har da farfaɗiya.

Wani hutu da na je gida na zauna ina yi wa Inna wannan bayani da 'yar igiya a hannuna, ina tufkawa ina nuna mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, “Ashe shi ne ya ɗauke yayarka.” Ban taɓa sanin an haifi wata kafin ni ba. Ta ce a gida ta haife ta, aka yanke cibi da tsohuwar reza, aka riƙa gasa shi ana shafa masa abin da aka saba. Jaririyar tana shan nono lafiya har kwana 5, a na 6 ta kasa kama nono, bakinta ya ƙulle, jikinta ya riƙa sandarewa, ta rasu ana gobe suna, ragon yana ɗaure a tsakar gida. Aka ce mata tsuntsu ne ya ɗauke ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kimanin 787,000 ne suka mutu ta wannan hanya a 1988, adadin da ya sauko zuwa kimanin 25,000 a 2018, saboda allurar da ake yi wa masu juna biyu da tsabtar yankan cibi. Na san waɗannan alƙaluma tun a aji, amma sai a ranar na san cewa ɗakinmu yana cikin irin wannan lissafi. A ganina babban abin takaici shi ne rigakafin ba sabon abu ba ne, tun shekarun 1920 aka samo shi a Faransa, ta hanyar kashe kaifin dafin a bar siffarsa domin jiki ya koyi gane shi ya kama shi tun yana cikin jini. Yau yana cikin allurar penta da ake yi wa jarirai a mako na 6 da na 10 da na 14.

Ƙanina yanzu magidanci ne, yana sana'ar walda, kullum cikin yankan ƙarfe. Da na tambaye shi ko ya taɓa karɓar rigakafin, sai ya yi dariya ya ce shi da ya riga ya yi ciwon ya warke, ai ya gama da shi, kamar ƙyanda. Na gaya masa cewa wannan ciwon ba haka yake ba, domin dafin yana da ƙarfin da ɗan abin da ke kwantar da mutum bai kai yawan da jiki zai koyi gane shi ba, saboda haka wanda ya warke yana iya sake kamuwa. Mun yi kusan shekara muna wannan ja-in-ja. Ranar da matarsa za ta je awo a cikinta na biyu ne ya yarda ya bi mu, ita aka yi mata tata, shi ma ya naɗe hannun riga. Da muka fito ya tsaya a bakin baranda yana gyara takalminsa, sai ya ɗaga tafin ƙafar ya nuna mini tabon, ɗan fari kamar ƙwayar gero, ya ce, “Yaya, allura dai na yi. Saura silifa ɗina, har yau ba ka mayar mini ba.”